An garƙame kemis ɗin mahaifinmu, lasisin kuma da sunan marigayi ne. Ina zan dosa?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu ya rasu bara bayan ƙaramar sallah, ya bar mana kemis a bakin kasuwar garinmu, shagon da ya fi shekara ashirin yana zama a ciki. Ni ne babba, tun ina sakandare nake tsaronsa, don haka bayan sadakar bakwai sai kawai na buɗe na ci gaba. Da shi muke ci, da shi nake biya wa ƙannena huɗu kuɗin makaranta.

Ranar Talatar da ta wuce jami'an wata hukuma suka zo, suka dubi lasisin da ke rataye a bango, suka bincike kanta, suka ɗebi kwali biyu, suka sa kwado a ƙofa suka manna takarda. Sun miƙa mini wata takardar da Turanci, na juya ta na juya ban gane kanta ba. Yanzu shawara ta yi mini yawa. Wani ya ce in kawo dubu tamanin ya san wanda zai buɗe kafin Juma'a. Wani ya ce ai katin ƙungiya da nake biya ya wadatar, zalunci ne, in kai ƙara kotu. Abokina kuwa cewa ya yi in shiga ta ƙofar baya da dare in kwashe kayan, tunda wasu sun kusa lalacewa. Wanne zan bi?

Tsohon mai kemis:
Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Lasisin kemis ba gona ba ce da ake gada. Mutum ake ba shi, da sunansa, a kan shago guda da aka je aka duba, kuma duk shekara ake sabunta shi. Ranar da aka kai Malam makwancinsa, takardar nan ta bango ta zama hoto kawai. Hukumar da ke ba mu lasisin ita ce PCN, ta tarayya, wadda dokar 2022 ta sake wa suna ta kuma ƙara mata ƙarfi a kan masu kemis. Katin NAPPMED, ƙungiyar masu kemis, da kake biya shaidar zama ɗan ƙungiya ce. Ƙungiya tana da amfani, za ta raka ka, za ta nuna maka ofis, amma ba ita ke ba da izinin sayar da magani ba. Mutane da yawa a sana'ar nan sun shekara goma suna zaton katin ne lasisi.

Sannan ka gaya mana tsakaninka da Allah, me ke cikin kwalayen nan biyu? Kana yin allura a shagon?

Wani ɗan kasuwa:
Malam ka ba mutumin nan kuɗinsa a wuce wurin. Kowace rana shago na rufe asara kake. Nan Najeriya ce.

Tsohon mai kemis:
Alhaji, da kuɗinka ne ba za ka ce haka ba. In ya ba da dubu tamanin ɗin, a ce ma an cire kwadon, lasisin ya koma sunansa ne? Wata uku wata tawagar ta zo, ya sake neman wata tamanin ɗin.

Lauya daga Zariya:
Ƙanina, kafin komai ka kai takardar nan wurin wanda zai karanta maka ita layi-layi. Abu huɗu za ka nema a ciki: sunan hukumar, laifin da suka rubuta, dokar da suka dogara da ita, da ranar da aka ce ka bayyana. Ka duba kuma ko sun rubuta jerin kayan da suka ɗauka. In ba su rubuta ba, ka nemi a rubuta.

Dalilin da ya sa na fara da sunan hukuma shi ne, shagon magani ba ubangida ɗaya gare shi ba. PCN na duba lasisi da shago, NAFDAC na duba ingancin maganin da rajistarsa, NDLEA na bin miyagun ƙwayoyi. Waɗannan duk na tarayya ne. Jiha ma tana da nata hannun ta ma'aikatar lafiya, ƙaramar hukuma kuma tana karɓar harajin shago. Takardar wannan ba ta wanke ka a wurin wancan. Kuma in har magana ta kai kotu, hukumar tarayya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, ta jiha kuwa Babbar Kotun Jiha. Na sha ganin ƙara ta mutu ba don mai ita ba shi da gaskiya ba, don kawai ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Kana da haƙƙi, kada ka raina shi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a saurari mutum kafin a yanke hukunci a kan haƙƙinsa, kuma hukuma ba ta da ikon wuce gona da irin abin da dokar da ta kafa ta ta ba ta. Sai dai a harkar lafiyar jama'a doka kan bar su su rufe wuri tukuna, sauraro ya biyo baya. Don haka rufewar kanta ba ita ce zalunci ba. Zalunci shi ne a hana ka bayani, ko a ƙi gaya maka laifinka, ko a karɓi kuɗi ba rasit.

Ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ofishin. Ka faɗi rasuwar mahaifinka, ka haɗa takardar shaidar rasuwa da kwafin tsohon lasisi, ka ce kana neman lasisi da sunanka, ka roƙi a ba ka dama ka fitar da magungunan da suka kusa lalacewa a gaban jami'insu. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Wannan hatimin ya fi alkawarin baki ɗari, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta ba mai son ƙarar jami'i ko hukuma, kuma hukumomi da yawa sai ka ba su sanarwa a rubuce kafin ka shigar da ƙara. Masu "dawo gobe" sun san wannan lissafin ko kai ba ka sani ba.

Amma a yadda ka ba da labari, ni ba zan ɗauki kuɗinka in kai ka kotu ba. Alƙali zai tambaye ka lasisinka, ba ka da shi. Kwado kuwa kada ka taɓa shi, ko ta gaba ko ta baya. Yanzu matsalar takarda gare ka. Ka ɓalle shi, ta koma ta 'yan sanda.

Ma'aikaciyar jinya a Kano:
Barista ya gama magana, ƙari kawai zan yi a kan tambayar Baba mai kemis. Lasisin kemis iyaka gare shi: magungunan da ke cikin jerin da aka amince, a cikin kwalinsu na asali. Ban da allura, ban da ƙarin ruwa, ban da maganin da sai likita ya rubuta. Da zarar ka shimfiɗa benci kana sa wa mutane ruwa, ka zama asibiti, a nan Kano kuwa asibitoci masu zaman kansu hukumar jiha ce, PHIMA, ke yi musu rajista tana kuma rufe marasa ita. Kodin kam tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tarin da ke ɗauke da shi da shigo da shi. Ka kuma adana rasit ɗin sari. Tun da aka rufe shagunan magani na Sabon Gari a Fabrairun 2024 aka ce a koma kasuwar Dangwauro, tambayar "a ina ka saro?" ta zama ta farko da ake yi.

Wata uwa:
Ni ba na jin dokar gwamnati, amma ɗana ka tuna kayan cikin shagon nan da jarinsa gado ne. An raba? In lasisi ya fito da sunanka kai kaɗai alhali jarin na marayu ne da mahaifiyarku, ku zauna da kawunnanku a ƙirga kaya a rubuta tun yanzu. Yau ƙannenka yara ne. Gobe masu aure ne, kuma mazansu da matansu za su yi tambaya.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai wa wani malaminmu na sakandare takardar ya karanta mini. Laifi biyu suka rubuta: lasisi ba na mai shago ba ne kuma wa'adinsa ya ƙare, sannan an samu allurai da ledojin ƙarin ruwa. Baba, gaskiya ina yi, haka na taso na ga ana yi, mutanen ƙauye ma don shi suke zuwa. Kodin dai babu. An ce in bayyana a ofis ranar Litinin. Inna, maganarki ta taɓa ni, ba a raba ba, zan sami kawu yau da daddare. Barista, in sun ce in biya tara, hannu da hannu zan ba su? Kuma in je ni kaɗai?

Lauya daga Zariya:
Kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi. Hukumar tarayya lambar biyan kuɗi za ta ba ka, ka biya a banki, kuɗin ya shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati. Ta jiha ma asusun gwamnati ne da rasit mai tambari. Ka ce a rubuta maka adadin da dalilinsa. In wata ya wuce ka cika sharuɗɗa ba a ce maka komai ba, akwai Hukumar Karɓar Korafe-korafen Jama'a, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi. Ranar Litinin ka je da wuri, da wasiƙarka kwafi biyu, ka tafi da wani dattijo daga ƙungiyarku. Maganar allura kada ka musa, sun riga sun gani.

Tsohon mai kemis:
In garinku bai yi nisa da mu ba ka turo mini saƙo, ni zan raka ka. Ka taho da hotunanka na fasfo da takardar gama makaranta, za a tambaya wajen cike fom. Bencin allurar nan kuma, ranar da aka buɗe shagon, ka mayar da shi gida.