Gyara wuri da fuskar maka a manhajar Adams: shawarwarin da aka tattara

An yi ta musayar ra'ayi kan matsalar da ke damun masu koyon Adams, manhajar kwaikwayon motsin sassan inji a kwamfuta: sun matsar da maka, wato alamar da ke nuna wuri da fuskar sassan inji, sai injin ya riƙa juyawa ta inda ba a so.

Abin da aka fi nanatawa shi ne layin z, ɗaya daga cikin layuka uku (x, y, z) da ke nuna fuskar kowace maka. Mahaɗi mai juyawa, wato abin da ke haɗa sassa biyu na inji, yana juyawa ne a kan layin z na maka biyu da yake da su, I da J, don haka dole su haɗu a wuri ɗaya, layukan z su fuskanci hanya guda. Kuma kusurwoyi ukun da ake rubutawa a akwatin saita fuskar maka ba x, y, z ba ne. Tsarin Euler na 3-1-3 ne: a juya kan z, sannan kan sabon x, sannan kan sabon z. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, kuma a ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci.

Wasu sun ce a daina rubuta lambobi da hannu, a ɗaure maka da umarnin LOC_RELATIVE_TO (na wuri) da ORI_RELATIVE_TO (na fuska) domin ta bi wata maka idan an sauya tsari.

Game da ƙarfi kuwa, a lura da inda makar ma'auni take, wato makar da ake auna alkiblar ƙarfin da ita. In tana kan ƙasa, wato sashen da ba ya motsi, alkiblar ƙarfin ba ta sauyawa. In tana jikin sashe mai motsi, tare suke juyawa. Kafin gwaji, a danna Model Verify domin manhajar ta duba ko akwai kuskure a tsarin.