Shawarwarin lauyoyi kan sabbin dokokin sasanci

A tattaunawar lauyoyin kasuwanci kan sasanta rikicin kwangilar ƙasa da ƙasa, wato yanke hukunci a wajen kotu ta hannun waɗanda ɓangarorin suka amince da su, an fi nanata a sake duba tsofaffin yarjejeniyoyi, saboda dokoki sun canja a Najeriya da Ingila. Dokar sasanci ta Najeriya da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2023 ta maye gurbin ta 1988. Yanzu in ba a faɗi adadin masu sasanci ba, mutum ɗaya ne zai yanke hukunci, ba uku ba. An kuma halatta wani wanda ba ya cikin rikicin ya ɗauki nauyin kuɗin shari'a, amma dole a bayyana shi.

Masu zaɓar Landan a matsayin wurin zaman sasanci kuwa, kuma suna da yawa, su sani tun 2025 dokar wurin zaman ce ke hawa kan sharaɗin sasanci a Ingila, sai in an rubuta wata dokar ƙarara domin sharaɗin sasancin kansa.