Kayan Haɗa Gaɓar Mutum-mutumi Mai Laushi: Abin da Aka Tsayar

Ga abin da na tsinto daga bakin jama'a kan kayan da ake haɗa gaɓar mutum-mutumi (robot) mai laushi da su, wato gaɓar da ke motsi idan an hura mata iska.

1. Kowa ya yarda silikon mai kashi biyu, wato ruwan roba iri biyu da ake gaurayawa su daskare, shi ne ginshiƙi. Irinsa mai suna Ecoflex 00-30 ana gauraya shi ɗaya bisa ɗaya, ya daskare cikin kamar awa 4.
2. Mazubin da ake zuba silikon a ciki: a buga shi da firintar 3D, injin da ke fitar da abu mai jiki.
3. A shimfiɗa ƙyalle ko takarda a ƙasan gaɓar. Iska na shiga, sama ta kumbura, ƙasa ta ƙi miƙewa, sai gaɓar ta lanƙwashe kamar yatsa.
4. Safar hannu ta lateks takan hana silikon daskarewa, ya zauna yana danƙo.

Kan yadda za a kawar da kumfar iska daga cikin silikon aka rabu. Wasu sun dage sai injin zuƙe iska, wasu suka ce a zuba siriri a hankali ya wadatar. Ni dai ina bayan na farko.

Wajen hura iska, sirinji ya isa gwajin farko, famfo da Arduino (ƙaramin allon lantarki mai sarrafa na'ura) sai daga baya.