Motar kamfani da motar gareji a tsere

Jiya wajen mai shayi a Ƙofar Ruwa, kanikawa suka ɗauko zancen tseren motoci na miƙaƙƙen layi, mai mita 402, a Amurka. Ford ta fito da Cobra Jet a 2008, Chevrolet ta biyo da COPO Camaro a 2012, duk ƙirar kamfani don tsere. To, mai haɗa tasa a gareji fa?

Yawanci suka ce a raba musu aji, a kuma auna kowace mota a bainar jama'a. Wani dattijo, hannunsa duk baƙin mai, ya ce in hukumar NHRA, mai kula da wannan tsere, za ta ƙara wa mota nauyi don daidaita gasa, ta sanar tun kafin kakar wasa, kada mutum ya gama narka kuɗi a inji sannan a sauya masa doka. Ni ma nan na fi karkata.