Wane ne Tsingshan, kuma sunansa ya isa shaida a kan fallen sitenles?

Maiwalda_Mabera

Assalamu alaikum. Aikin tanki ne na lita 2,000 don gidan ruwan leda a nan Sakkwato, kuma an ce lallai sai na ƙarfen da ba ya tsatsa, wato sitenles. Dilan da zai turo fallayen daga Kano ya ce nau'in sitenles mai lamba 304 ne, kayan Tsingshan, amma kuɗin da ya faɗa ya yi ƙasa da na sauran sosai. Wanga kamfani na ina ne, yaya tarihinsa? Kuma jin sunansa ya wadatar a biya?

Injiniya_Arkilla

Wa alaikumus salam, Malam. Tsingshan na ƙasar Sin ne, hedikwatarsa na birnin Wenzhou a lardin Zhejiang, kuma a yau babu kamfanin da ya kai shi yawan sitenles a duniya. Wanda ya kafa shi, Xiang Guangda, da ƙofofi da tagogin mota ya fara a 1988, sai a farkon shekarun 1990 ya koma narka ƙarfe.

Sirrin arharsa yana wajen nikel. A cikin 304 akwai kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, kuma nikel ɗin nan shi ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin. Tsofaffin kamfanonin Turai tataccen nikel suke saye su haɗa da tsoffin ƙarafa su narka. Shi kuwa Tsingshan ya bi ta bayan gida: yana ɗibar wata jar ƙasa mai kama da marmara wadda nikel ɗinta bai kai kashi 2 ba, ya gasa ta a doguwar tanda mai juyawa (wanda ya san ta siminti a Kalambaina ya gane siffar), sannan ya narka ta da lantarki ta zama ɗanyen ƙarfe mai nikel. Narkakken bai huce ba ake zuba shi a tukunyar tace sitenles, an tsallake kuɗin sake narkawa ke nan.

Jar ƙasar nan mai nikel a Indonesiya ta fi yawa, shi ya sa ya tare can. A 2013 aka kafa rukunin masana'antu na Morowali a tsibirin Sulawesi, da ma'adini da tashar lantarki da tashar jirgin ruwa duk wuri guda. Da gwamnatin Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a 2014, ta sassauta, ta kuma rufe ƙofar gaba ɗaya a Janairun 2020, kakar wanda ya riga ya gina tanda a cikin ƙasar ta yanke saƙa. A Afirka ma yana nan: a Zimbabuwe yana da matatar kuromiyam ta Afrochine da masana'antar ƙarfe ta Dinson a Manhize.

Sunansa ya fi tashi a Maris ɗin 2022. Ya yi cinikin gaba, wato alkawarin sayar da nikel nan gaba a farashin da aka tsayar, a kasuwar ƙarafa ta Landan a kan cewa nikel zai sauka, sai yaƙin Yukiren ya ɓarke farashi ya yi sama. Ranar 8 ga wata tan ɗaya ya haura dala 100,000, kasuwar ta soke cinikin ranar ta rufe sashen nikel har 16 ga wata. Bankuna suka ɗaga masa ƙafa, ya tsira.

Baban_Hajara

Injiniya ya gama da tarihi. Amsar tambaya ta biyu kuwa, a'a, suna bai isa ba.

Manyan kamfanoni irin wannan galibi naɗi suke sayarwa, ƙarfe a nannaɗe kamar tabarma mai nauyin tan da yawa. Ƙananan masana'antu a garuruwa irin Foshan da Wuxi su ke saye su murje shi, su goge, su yanka falle ko su naɗe bututu. Kuma kamfani ɗaya yana yin 304 yana yin 201. Dila zai iya rantsuwa cewa kayan Tsingshan ne, bai yi ƙarya ba, alhali 201 ne a hannunsa.

A 201 an rage nikel an cike gurbin da manganis. Wanda ya cika kasuwa ma nikel ɗinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba, kuromiyam ɗinsa ma an tsuke shi. Da ido ba a bambancewa. Maganaɗisu ma ba ya raba gardama, don ba ya kama 304 ba ya kama 201. Wanda yake kamawa tsam shi ne 430.

Abin yi kafin kuɗi ya bar hannu: a nemi takardar gwaji ta masana'anta, a duba lambar narki da ke kanta ta yi daidai da wadda aka buga a jikin fallen. A ce a aiko ɗan guntu, a kankare shi, a ɗiga masa ruwan gwajin nan na ƙaramar kwalba, a bi launin da takardar kwalbar ta nuna tare da guntun 304 na gaskiya a gefe. In aikin babba ne a kai wa masu na'urar haska ƙarfe, cikin daƙiƙoƙi za ta karanto kason nikel.

Sai sikeli. Fallen ƙafa 4 da ƙafa 8 mai kaurin milimita 1 yana auna kilo 23.6, na 1.2 kilo 28.3, na 1.5 kilo 35.3. Sikeli ba zai faɗi lamba ba, amma zai tona wanda ya kawo 1.2 ya kira shi 1.5, kuma wannan cuwa-cuwar ta fi yawa.

Ban ce 201 banza ne ba. A busasshen gari irin namu ƙofa ko makarin bene na 201 yana daɗewa fiye da yadda zai yi a Legas mai iskar gishiri. Wurin da ruwa ke kwana ne ba ya jurewa.

Maiwalda_Mabera

Allah Ya saka da alheri. To in 304 ɗin ya tabbata, me ke sa wasu tankuna su yi ja a bakin ɗinkin walda?

Oga_Agon

Hannu ne, ɗan'uwa, ba ƙarfen ba. Abin da ke kare sitenles wata siririyar fata ce da kuromiyam ke yi in ya haɗu da iska, ido ba ya ganinta. In wuta ta daɗe a wuri ɗaya, ƙarfen ya jima tsakanin digiri 425 da 860 a ma'aunin Salsiyas, kuromiyam yana haɗewa da kabon, gefen ɗinkin ya zauna tsirara. Don haka a nemi 304L, mai kabon da bai wuce kashi 0.03 ba, a yi waldar agon (gas ɗin da ke kare ɗinki daga iska) da waya 308L, wuta ƙasa-ƙasa, ana yi ana tsallakawa wani gefen ya huce. A cika bayan ɗinkin da agon shi ma. In ba haka ba cikin tankin zai yi baƙi ya yi gurje kamar ƙanzo, nan datti ke maƙalewa. Ƙafafun tanki in na baƙin ƙarfe ne, 309L ake haɗa su da ita.

Dutsen guga da burushin da suka taɓa baƙin ƙarfe kada su kusanci aikin. Garin ƙarfen yana nutsewa a fuskar fallen, damina ɗaya ya fito da ɗigo-ɗigon tsatsa. Bayan walda a shafa man wanke ɗinki, a bar shi iya mintocin da aka rubuta a gwangwanin, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Asid ne mai cin fata har ƙashi, sai da safar hannu ta roba da tabarau, kuma a fili.

A gaya wa masu gidan ruwan kada su bar bilic ya kwana a ciki, yana huda 304 ƙanana-ƙanana kamar tsinin allura. In ruwan burtsatsen nasu mai gishiri ne, ko aikin na majema ne, a haura zuwa 316L mai molibdenam kashi 2 zuwa 3, wayar waldar ma ta zama 316L.