Neman kalma: me za mu kira furobayotik kafin Alhamis?

Mai Shirin Lafiya, Birnin Kebbi: Salamu alaikum jama'a. Jibi Alhamis bayan la'asar nake da shiri a rediyo, kuma batun da aka ɗora mini shi ne yadda ƙananan halittun da ke hanjin mutum ke taimaka wa garkuwar jiki wajen yaƙar bairos, irin na mura da na gudawar yara. Takardar da aka miƙo mini da Turanci take, furobayotik ya fito a cikinta ya fi a ƙirga. Na rubuta "ƙwayoyin cuta masu amfani", na karanta wa kakata don gwaji, ta ajiye carbi ta ce, "Ke, cuta ce ko amfani? Zaɓi ɗaya." Na rasa ta cewa. Akwai kuma kalma ta biyu, ta sinadaran da su halittun ke fitarwa. Minti 25 gare ni, kada rabinsa ya tafi a fassara. A taimaka.

Ɗalibin Jami'a, Gusau: Wa alaikumus salam Anti. Ƙwayoyin lafiya. An gama.

Bakatsine a Jega: Ki faɗi ƙwayoyin lafiya a rediyo, washegari samari su cika kemis suna neman sabuwar ƙwaya. Kalmar nan ta riga ta ɓaci a bakin matasa.

Likita, Gusau: Kafin a raɗa suna a san jaririn. Abu biyu ake cakuɗawa. Akwai bakteriyar da ke zaune a hanjinmu tun muna jarirai, su 'yan gida ne. Furobayotik kuwa, a ma'anar da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar a 2001, halittu ne masu rai da mutum zai ci ko ya sha, da yawan da ya isa, su amfani lafiyarsa. Sharaɗi uku ke nan: rai, yawa, da amfanin da aka gwada aka gani. Fitattunsu dangin Laktobasilus da Bifidobakteriyam. Yawancinsu ba sa tarewa a hanji, in ka daina sha, bayan ɗan lokaci ka neme su ka rasa.

Inna ta Kalgo: To ai baƙi ne ke nan, Likita. Baƙo raɓa. A ce masu baƙin ciki mana.

Bakatsine a Jega: Inna, sake karanta abin da kika rubuta.

Inna ta Kalgo: Innalillahi. Baƙi nake nufi, jam'in baƙo! A baki ai ba su haɗu ba.

Mai Shirin Lafiya: Inna kin sa na yi dariya ni kaɗai a ofis. A baki da bambanci, amma takardar za ta bi ta hannun mai gabatar da labarai, ya karanta "shan kindirmo na kawo baƙin ciki", a kore ni aiki.

Baba Malam, Gwandu: Ɗiyata, duk wanga kewaye-kewaye ne. Shekara 35 ina koyar da Hausa kafin in aje alli, kuma abin da nike gaya ma ɗalibai shi ne, kalma ba jimla ba ce. Asalin furobayotik "don rayuwa" yake nufi, kishiyar antibayotik. To muna da aikatau raya. A ɗora mashi ɗafin -au, a samu RAYAU. Gaɓa biyu. Rayau ɗaya, rayau dubu. Da wanga awo anka ƙera ƙanjamau, kuma ga ta nan ta zauna daram, har tsohuwar ƙauye ta san ta.

Ɗalibin Jami'a: Allah shi gafarta Malam, ƙanjamau, sanƙarau, rayau. Mai sauraro zai ɗauka wata annoba ce ta ɓullo.

Baba Malam: Mantau cuta ne? Jimrau cuta ne? Ɗafin mai aikata abu da yawa yake nunawa. Koma ka buɗe littafinka na aji biyu.

Likita: Baba, ranka shi daɗe, ginin kalmar bai da aibi. Alkawarin da ke cikinta nake tsoro. Wanda ya ji rayau ya ji abin da ke raya mutum, ilimin kuwa bai kai nan ba. Ga inda ya tsaya. Bakteriyar hanji na cin abin da cikinmu ya kasa narkarwa, irin dusar gero da dawa da ɓawon wake, su tsimar da shi, su fitar da wasu sinadarai masu ɗan tsami, asitet da furofiyonet da butiret. Butiret abincin bangon hanji ne. Wani kaso na sinadaran kan shiga jini ya kai har ɓargo da huhu. Wasunsu kan zaburar da intaferon, wato yekuwar da sassan jikin da bairos ya shiga ke yi don maƙwabta su kulle ƙofa. A 2011 a jami'ar Yale ta Amurka an ɗura wa ɓeraye antibayotik har bakteriyar hanjinsu ta ragu, aka sa musu bairos ɗin mura, garkuwarsu ta yi sanyi. A 2018 a Suwizalan ɓerayen da aka ciyar da abinci mai dusa-dusa sun fi jure murar. Ku lura da abin da nake ta maimaitawa: ɓeraye. A mutane kuwa, a 2018 ɗin nan aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada kan ɗaruruwan yara masu amai da gudawa, waɗanda aka ba furobayotik ba su riga sauran warkewa ba. Shi ya sa ko "ƙwayoyin garkuwa" ba zan sa hannu a kai ba.

Baba Malam: Likita, kai ka yi maganinka, ka bar muna nahawunmu. Matsalarmu a nan yamma ita ce raina namu. Da daga Kano anka aiko da rayau, da yanzu kowa na tafi. An ɗauki Kananci an ce shi ne daidaitacciyar Hausa, mu da munka gaji Kanta da Abdullahin Gwandu sai mu zauna jiran a raɗa muna suna.

Bakatsine a Jega: Kabawa ke nan. A ba ku kalma ku ƙera, yanzu sai ku sa mata ƙaya da warin kifi.

Inna ta Kalgo: Kai bawanmu, shinkafarmu ta kawo ka Jega, ci ka yi shiru.

Ɗalibin Jami'a: Ni dai ban ga laifin aro ba. Mota, rediyo, asibiti, allura ma daga Larabci take. Lokacin korona wasu kafofi suka nace sai sun ce mashaƙo, da mashaƙon gaske ya ɓarke a 2023 sai aka koma ana bayanin wanne ake nufi. Jama'a kuwa korona suka riƙe abinsu.

Baba Malam: Aro na da hali in harshe ya rasa. Hausa ba ta rasa ba, 'ya'yanta ne malalata.

Inna ta Kalgo: Ku bar faɗan nan ku ji. Bafulatanar da ke kawo muna nono, in ta tafasa madara ta huce, sai ta ɗebo ɗan tsohon nono a ludayi ta zuba, ta rufe ƙwarya da faifai, da safe ya kama. A gidanmu iri muke ce ma wanga ɗan ludayin. Ba shi ne abin da kuke nema ba?

Likita: Inna kin kusa ƙwarai. Da irin wannan nonon maganar ta faro. Wani masani ɗan Rasha, Metchnikoff, da ke aiki a cibiyar Pasteur ta Faris, shi ya yi hasashe a 1907 cewa tsamin nonon da manoman Bulgeriya ke sha ne ke ja musu kwana. Sai dai ba kowane kindirmo ne ya cika sharuɗɗan nan uku ba. Kuma Anti, don Allah ki faɗi tafasawar nan da Inna ta ambata da babbar murya. Ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu. Ki ƙara da cewa yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da zinki yake buƙata, kuma tun 2022 rigakafin rota, bairos ɗin da ke sa yara gudawa, ya shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya.

Mai Shirin Lafiya: Kalma ta biyu fa? Kowa ya manta da ita.

Bakatsine a Jega: Kun ba su masauki da dusa, sun ba ku butiret. Tukuici ke nan.

Likita: Ba kalmar ilimi ba ce, amma ba ƙarya a cikinta. A rediyo ta wuce.

Baba Malam: Bakatsine ya yi sa'a, ba iyawa ba.

Mai Shirin Lafiya: To ga abin da na rubuta, dare ya yi. Na zaune a hanji: 'yan gida. Furobayotik: zan faɗi sunan sau ɗaya, in fassara da "ƙananan halittu masu amfani da ake sha da ransu", in kawo misalin irin nonon Inna, daga nan in riƙa cewa abokan hanji. Sinadaran: tukuicinsu. Baba, rayau zan ambace ta a ƙarshe in ce shawarar wani dattijon malami ce daga Gwandu, masu kira su faɗi ra'ayinsu.

Baba Malam: Abokan hanji gaɓa biyar. Tsutsar ciki ma ai abokiyar zaman hanji ce. Amma shirinki ne. In za ki faɗe ta, ki ja wasalin farko, raayau, kada ki yi mata karatun Kanawa.

Mai Shirin Lafiya: An yi shiri lafiya, na gode wa kowa. Mutum 6 suka kira. Huɗu tambayarsu ko fura da nono na maganin mura, na ba su amsar Likita. Ɗaya daga Kamba ya ce rayau ta yi masa daɗi a kunne. Na ƙarshen ya tambayi alamominta.

Baba Malam: Na Kamba ɗin, kin karɓi lambarshi?