Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Cable" a Saƙar Mayafin Wuya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu saƙa da masu kishin harshe. Ina cikin rubuta bayanin yadda ake saƙa mayafin wuya na sanyi da zaren ulu, sai na cije a kan kalma guda, wato abin da Turawa ke kira cable. Tun da ba kowa ne ya taɓa riƙe allurar saƙa ba, bari in fara da siffanta abin, domin mu san me muke raɗa wa suna.

A saƙar allura biyu, idanun zare, wato ƙananan madaukan da zaren ke yi, suna jere ne a kan allura, ana saƙa su ɗaya bayan ɗaya bisa yadda suka zo. Mai son wannan ado sai ta karya jerin da gangan. Idan ido 6 ta ware masa, za ta zare 3 na farko ta ɗora su a kan wata 'yar gajeriyar allura, ta saƙa 3 na biye, sannan ta dawo ta saƙa waɗanda ta ajiye. Da haka rukuni ɗaya ya haye ɗan'uwansa. Idan ta riƙe gajeriyar allurar a gaban aikin, hayewar za ta karkata hagu. Idan ta riƙe ta a baya, za ta karkata dama. Tana maimaita wannan bayan kowane layi 6 ko 8, sai wani tudu ya taso yana hawa tsawon mayafin tamkar igiya aka shimfiɗa a kai. Ana kewaye shi da saƙar baya, wato kishiyar saƙar gaba da aka saba, wadda take lafewa ƙasa, domin tudun ya fito sosai.

Adon ya yi suna ne da rigunan sanyi na tsibiran Aran, tsibirai 3 da ke yammacin ƙasar Ireland, inda salon ya bunƙasa a farkon ƙarni na 20. Kalmar Ingilishin kuwa asalinta ƙatuwar igiyar jirgin ruwa ce, irin wadda ake ɗaure anga da ita. Su ma ke nan kamanni suka duba suka ba shi sunan igiya, don haka ba mu da dalilin jin nauyin yin irin abin da suka yi da kayan harshenmu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce kebul a wuce wurin, kuma ba na ƙyamar aro, domin ulu da nake ta ambata shi ma aro ne. Matsalar ita ce kalmar ta riga ta shigo Hausa ta kama gurbinta: kebul waya ce ta lantarki ko ta caja. Wanda aka ce masa an saƙa mayafi mai kebul uku zai zaci wani abin ɗumama jiki ne da ake jona shi a soket. Na ajiye ta.

Sai igiya, wadda ita ce fassarar kai tsaye. Tana nuna kamannin, amma suna ce kawai, ba ta haifar da aikatau, alhali mai rubuta umarnin saƙa aikatau take bukata a kowane layi. Bugu da ƙari, akwai siririyar igiya ta gaske da ake saƙawa da ido 3 ko 4 a yi maɗauri da ita, kuma idan muka kashe kalmar a kan ado, ba mu bar wa wannan komai ba. Sarƙa ma haka take, masu kwarashi sun riga mu, da ita suke kiran jerin farko da suke ɗora aikinsu a kai. Murɗa ta fi su jan hankali, sai dai a saƙa akwai murɗaɗɗen ido, wanda ake samu idan aka soka allura ta bayan idon, sai ya juya a kan kansa, kuma wannan wani abu ne daban da hayewar rukuni a kan rukuni.

Abin da nake kawowa gabanku shi ne tufka. Mai tufka igiya yana ɗaukar sili biyu yana ɗora wannan a kan wancan, kullum ta fuska ɗaya, har su zama abu guda mai ƙarfi, kuma wannan shi ne ainihin abin da ido ke gani a jikin mayafin. Kalmar tana juyuwa yadda ake so: a tufka, an tufke, tufkar hagu, tufkar dama, mayafi mai tufka uku. Na san akwai masu cewa tuƙa igiya, amma tuƙa ta ɗauki kaya da yawa, daga mota har jirgi, saboda haka na fi son wadda ba ta da wani aiki sai wannan.

Ƙari, bayan amsoshin da suka shigo:

Malama wadda kika ce kitso ya fi dacewa, na daɗe ina juya maganarki, domin hujjarki mai ƙarfi ce. Kin ce kitso yana kwance ne a kan kai kamar yadda adon yake kwance a kan mayafi, da tsaga a tsakanin layi da layi, ita kuwa igiya a sake take, ba ta manne da komai. Gaskiya ne, har ma saƙar bayan da ke raba tudu da tudu ta yi kama da tsagar. Inda na rabu da ke shi ne lissafin sili. Kitso da sili 3 ake yinsa, na gefe yana shiga tsakiya, daga dama sannan daga hagu. A saƙa ma akwai wannan ɗin sak: a ware ido 9 a raba su uku-uku, a wani layi a haye da rukunin farko da na tsakiya, a wani layin kuma a haye da na tsakiya da na ƙarshe ta ɗaya fuskar. Abin da ke fitowa kitso ne, babu wanda zai yi musu. To idan muka kira mai sili biyu kitso, me za mu kira mai sili uku? Shawarata ita ce tufka ta zama sunan dukan dangin, kitso kuma ya zama sunan wannan nau'in. Ba a yar da kalmarki ba, an ba ta ɗakinta ne.

Malam wanda ka yi gyara cewa a tufkar gaske kowane sili ana murza shi kafin a haɗa, alhali a saƙa ba a murza komai, na karɓi gyaran. Shi ya sa nake ganin a raba sunan adon da sunan motsin hannu. Adon tufka ne, motsin da ake yi sau ɗaya a layi kuwa harɗawa ne, kamar yadda mutum ke harɗe ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Gajeriyar allurar nan sai ta zama allurar harɗawa.

Domin kada mu tsaya a baki, na gwada kalmomin a kan mayafin da ke hannuna, mai ido 42. Ga yadda umarnin ya fito: "Ki bar ido 4 a kowane gefe su zama baki, domin kada mayafin ya nannaɗe. Tsakaninsu ki jera tufka 3, kowace mai ido 6, da ido 4 na saƙar baya kafin kowace tufka da kuma bayan ta ƙarshe. A layi na 8 ki harɗa 3 a kan 3, allurar harɗawa tana gaba, domin tufkar ta karkata hagu." Na karanta wa wata da ta iya saƙa amma ba ta jin Ingilishi, ba ta tambaye ni ma'anar ko kalma ɗaya ba, abin da ta tambaya kawai shi ne kaurin zaren. Tambayar kuwa tana kan hanya, domin tufka tana tsuke faɗin saƙa tana kuma cin zare fiye da saƙa shimfiɗaɗɗiya, wanda shi ne dalilin da ya sa take da kauri da riƙe ɗumi.

A kan mayafin nan ne kuma na ga wani amfanin kalmar da ban yi tsammani ba. Wata rana da dare na riƙe allurar harɗawa a baya maimakon gaba, ban lura ba sai da na yi layi 12 a kai, na ɗaga aikin na ga tufkar tsakiya ta karkace a wuri ɗaya tana kallon dama, sauran duk suna kallon hagu. Ban kwance dukan layukan ba. Na saki ido 6 na wannan tufkar kaɗai suka zube har zuwa wurin kuskuren, zaren ya tsaya a tsakani kamar matakalar tsani, na harɗa su daidai na sake hawa da su layi-layi. Da aka tambaye ni me nake yi har tsakar dare, abin da ya fito daga bakina shi ne "tufka da warwara", kuma karo na farko ke nan da na faɗi wannan magana ba da habaici ba.

Saura abu guda da ban gama da shi ba. Mayafin wuya, saɓanin riga, fuskokinsa biyu duk ana ganinsu, ita kuwa tufkar da na bayyana bayanta ba shi da kyan gani. Akwai dabarar da ake saƙa tufkar da ido ɗaya saƙar gaba ido ɗaya saƙar baya, sai ta fito iri ɗaya ta kowace fuska. Na rubuta ta a matsayin tufka mai fuska biyu, amma kun san abin da "mai fuska biyu" ke nufi idan aka faɗa wa mutum. Wata 'yar'uwa ta ba da shawarar tufka gaba da baya, kuma da ita zan ci gaba da aiki a rubutun, sai idan wani cikinku ya kawo wadda ta fi ta.